Yadda Ake Neman Ja-gorar Ubangiji Kafin a Yanke Shawara

Shawara biyu ake yawan ba masu bi a yankinmu na Dutsin-Ma da Kurfi idan wani al'amari ya sha musu kai, kuma duka biyun suna ɓata mini rai. Ta farko, wai ka rufe ido ka buɗe Littafi Mai Tsarki, duk inda yatsanka ya sauka nan ne amsarka. Ta biyu, wai ka nemi "annabi" wane, ka kai masa ɗan abin sadaka, ya gano maka. Wannan duba ne aka sa masa rigar coci. Kakanninmu da suka ji bishara ta hannun mishan na SIM a Matazu da Malumfashi da Babbar Ruga ba su rabu da boka don jikokinsu su koma neman wani mai gani ba. Ga yadda muke yi a gidanmu, da yadda na ga dattawan ikilisiya na kirki suna yi.

Fara da tsai da lokaci. Asuba ta fi, sa'ad da maƙwabta suka kira salla gari bai waye ba. Tabarma a tsakar gida, kowa ya fito har yara, minti goma sha biyar ya isa. Wanda ya ce sai awa guda, mako biyu zai yi ya daina.

Sai Littafi. A gidaje da yawa har yanzu akwai tsohuwar fassarar 1932, wadda Likita Walter Miller na Wusasa ya sha wahala a kanta. Tsofaffi suna sonta, kuma da ita suka haddace ayoyi, kada a raba su da ita. Amma don karatun iyali na fi son fassarar 1979, domin yaro ɗan firamare zai karanta ta kowa ya gane. Sayi mai kaurin bango. Kuɗinsa ya tashi sosai, amma bai kai na buhun taki ba. Wanda ke cikin waya yana da amfani a hanya, sai dai da asuba saƙon WhatsApp zai shigo ya ɗauke maka hankali. Idan ka samu Abincin Yini na ECWA, haɗa da shi, amma kada ya maye gurbin karatun nassin kansa. Nemi ƙaramar fitila mai cajin rana, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da biro.

Karatu a bi shi a jere. Markus sura 16 ne, da shi ake farawa. Karin Magana sura 31 ne, ya yi daidai da kwanakin wata. A riƙa haɗawa da Zabura guda. Gidan da babu mai karatu, a sa Littafin na murya a memori a saurara tare. Amfanin bin jere shi ne ba kai ke zaɓar abin da za ka ji ba, kuma ranar da babbar shawara ta taso, za ta tarar da kunnenka ya riga ya saba da muryar Ubangiji.

Yanzu ga inda aikin yake. Ranar da al'amari ya taso, rubuta shi a littafin rubutun nan cikin jimla ɗaya, da kwanan wata. "Mu noma gonar da ke bakin daji bana, ko mu bar ta?" "Mu tura yarinya makarantar kwana, ko ta yi jeka-ka-dawo?" "In karɓi bashin taki?" Mutane da yawa suna addu'a wata da watanni ba su taɓa faɗa wa kansu ainihin abin da suke tambaya ba.

Daga nan ka tace. Akwai abin da Littafi ya riga ya yanke, ba a neman ja-gora a kansa. Tauye mudu a kasuwar Laraba, cin iyakar gonar maraya, hana lebura hakkinsa, wannan ba ya bukatar azumi, tuba yake bukata. Abin da ya rage, wanda hanya biyun duka halal ne, shi ake kai wa Ubangiji kullum a sujadar safe, a gaban iyali, da sunansa.

Abin da ya fi wuya a wannan yankin shi ne raba tsoro da ja-gora, da kuma raba taurin kai da bangaskiya. Duk wanda ke zaune tsakanin Kurfi da Safana da Batsari ya san abin da 'yan bindiga daga dajin Rugu suka yi wa noma da kiwo. Wani ɗan'uwa zai ce maka barin gona rashin bangaskiya ne. Ba haka ba ne. Yusufu ya ɗauki Yesu da mahaifiyarsa da dare zuwa Masar. A cikin kwando aka zurara Bulus ta ganuwar Dimashƙu. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana, duba littafinsa sura ta 4. Saboda haka bayan addu'a, fita ka nemi labari. Tambayi mai unguwa, tambayi 'yan sintiri, tambayi maƙwabcinka Musulmi da gonarku ta haɗa iyaka, domin hanya ɗaya kuke bi, hatsari ɗaya kuke fuskanta. Allah yana ba da amsa ta bakin wanda ya san hanya. A ɗaya gefen kuma, idan kowa ya tabbatar maka hanya lafiya take, amma kai kullum sai ka samo sabon dalilin fasawa, to ka faɗa wa Ubangiji gaskiya cewa tsoro ne ya kama ka, ka roƙi ƙarfin zuciya. Roƙo ne dabam da neman ja-gora, kuma yana amsa shi.

Sai shawarar mutane. Nemi biyu ko uku masu tsoron Allah, kuma lallai a cikinsu a samu wanda ba ya jin nauyin ce maka a'a. Maigida, matarka ce ta farko, ba ta ƙarshe da za ta ji labari bayan an gama ba. Uwargida, cikin Zumuntar Mata akwai iyaye da suka binne 'ya'ya, suka aurar, suka ga fari da yunwa, kuma bangaskiyarsu ba ta girgiza ba. Je ki ce, "Mama, ina neman shawara," ki zauna ki saurara. Fasto yana cikin masu ba da shawara, amma ba aikinsa ba ne ya yanke maka. Fasto na gari zai tambaye ka abin da ka karanta a makon nan kafin ya buɗe baki. Wanda kuwa ya fara da sanya maka farashin mai ko ruwan addu'a, yi masa sallama ka tashi.

Mafarki da kwanciyar rai ina ɗaukarsu da taka-tsantsan. Ai Yunusa ma barci yake yi mai nauyi a cikin jirgi alhali gudun Ubangiji yake yi. Idan mafarkinka ya saɓa wa nassi da shawarar dattawa, ajiye shi.

Sa wa kanka ranar yankewa, ka rubuta ta. Ruwan shuka ba ya jiran wanda bai gama tunani ba, haka ma ranar rufe rajistar makaranta. Ranar ta zo, ka yanke, ka yi addu'ar miƙawa, ka kama aiki. In abin bai zo yadda ka so ba, kada ka yi saurin cewa ba Allah ne ya bishe ka ba. Wahayi ne ya kai Bulus da Sila Filibi, kuma a can aka yi musu bulala aka jefa su kurkuku.

A kurkukun nan ne suka yi waƙa da tsakar dare, kuma wannan ya kawo ni ga farin ciki, wanda ni ban yarda a bar shi sai ranar Lahadi ba. Kada a tashi daga tabarma ba a rera ko baiti biyu daga Littafin Waƙoƙi ba, ko da muryar maigida ba ta da daɗi. Sannan kowa ya faɗi abu guda da yake godiya dominsa, takamaimai: akuya ta haihu, zazzaɓin auta ya sauka, Baba ya dawo daga Katsina lafiya. "Mun gode don kome" ba ta shiga lissafi. A rubuta su a bayan littafin rubutun, ranar godiyar kaka a karanta. Gidan da aka kore wa shanu su karanta ƙarshen Habakuk sura ta 3, inda annabin ya lissafa gonar da ba ta yi ba da garken da ya ƙare, bai ɓoye ko ɗaya ba, sannan ya yi murna da Allahnsa. Amma ina roƙonku, kada a matsa wa mai makoki ya yi fara'a. Zabura ta 88 kuka ce daga farko har ƙarshe, kuma tana cikin Littafi. A karanta masa ita, a kai masa tuwo, a zauna da shi.

Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Isa Kaita da ba su da iyali kusa, ku haɗu biyu ko uku a ɗaki ku yi wannan sujada ta safe. Iyalan da ke cikin gari kuma ku riƙa jawo su gida.

Da damina, idan sammakon gona ya matsa, a rage zuwa Zabura ɗaya da addu'a a tsaye, a mayar da sauran bayan tuwon dare. Ranar da aka tsallake, washegari a ci gaba daga inda aka tsaya, ba sai an rama ba. Littafin rubutun kuma a naɗe shi a leda tare da Littafi Mai Tsarki a rataye a ƙusa, saboda gara da yoyon ɗaki.