Tsiro a baki: kafin a kai wa wanzami

Wani lokaci mutum na cikin yin asuwaki sai harshensa ya taɓo wani ɗan tsiro a ganda ko a cikin leɓe. Ba ya zafi, ba ya hana cin tuwo, amma hankali ya tashi. Wasu su ce sankara ce, wasu su ce a kira wanzami. Duka biyun gaggawa ce.

Sau da yawa irin wannan tsiro aikin ƙwayar cutar HPV ne. Tana da iri sama da 200, kuma likitoci sun ba kowanne lamba. Masu lamba 6 da 11 su ke kawo ɗan tsiron nan fari ko ja-ja, mai ƙananan yatsu a kansa kamar farin kabeji, wanda da wuya ya wuce santimita 1. Masu lamba 2 da 4 kuwa su ke haifar da tusar jaki a hannu, kuma yaron da ke tsotsar yatsa ko cizon wurin yakan kai ta leɓensa da kansa. Akwai kuma 13 da 32, masu fesa ƙananan ƙuraje masu laushi a leɓe da cikin kumatun yara. Wannan ita ce cutar Heck, wadda aka bayyana a 1965 a tsakanin yaran ƙabilar Nabaho a Amurka, kuma takan baje da kanta.

Waɗannan duk ba sankara ba ne, kuma ba a san su da rikiɗewa su zama ita ba. Masu haɗarin daban suke: 16 da 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa, 16 ɗin ma tana kawo sankarar maƙogwaro. Ina kuma roƙon ma'aurata kada su ɗora zargi a kan wannan tsiro. Gaskiya ne wani irin yana zuwa ta saduwa, amma ƙwayar kan daɗe a jiki ba a sani ba, kuma ganin tsiro ba ya faɗa maka yaushe ta shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne yanka a gida. Baki wuri ne mai jini, askar da aka yi wa wani aiki da ita kuma tana iya ɗauke da ciwon hanta ko ƙanjamau. Babbar asarar ma ita ce naman da aka yanke aka yar. A asibiti, likitan haƙori zai yi allurar kashe zafi, ya cire tsiron har gindinsa, sannan ya aika da shi ɗakin gwaji a duba. Wannan dubawar ce kawai ke raba mai lafiya da mugu, domin akwai sankarar da kan fara da kamannin tusar jaki, ido kuma ba ya yanke hukunci. In an cire shi da kyau, ba kasafai yake dawowa ba. Kada a ɗaure shi da zare, kada a ɗiga kanwa, kada a shafa maganin tusar jaki na fata, yana ƙona baki.

Akwai alamomin da ba a jira da su: miki da ya wuce mako 2 bai warke ba, tsiro mai saurin girma ko zubar jini, kaluluwa a wuya, ko wahalar haɗiya, musamman ga mai shan taba. Babban da tsiro ya fito masa da yawa lokaci guda, ya yi gwajin ƙanjamau, don raunin garkuwar jiki na buɗe wa ƙwayar hanya.

Tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, allura ɗaya, kuma tana karewa daga 6 da 11 da 16 da 18. Ba ta warkar da tsiron da ya riga ya fito, kariya ce ta gaba. Iyaye, ku je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ku tambaya ko 'yarku ta isa karɓa.