Hayar Ɗakin Ajiya a Ingila da Kwaɗon da Ke Cin Kuɗi

Daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a garuruwan jami'a na Ingila irin su Koventiri, Lesta da Biradfod, ba a rasa ɗan Arewa tsaye a bakin titi da akwatuna da tukwane. Hayar ɗakin ɗalibai ta ƙare, sabuwar sai Satumba, ga shi ya riga ya yanki tikitin gida. A nan baƙo ke fara jin sunayen Safestore, Big Yellow da Shurgard, kamfanonin da ke ba da hayar ɗakunan ƙarfe ga wanda ya rasa inda zai sa kaya.

Wanda ya taso a Kwaja, can kan tsaunukan Mubi ta Kudu dab da iyakar Kamaru, bai saba biyan kuɗin ajiya ba. Idan tafiya ta kama, ɗakin baffansa yake kai buhunansa, ya ce ga amana, magana ta ƙare. A Ingila da murabba'in ƙafa ake sayar da wurin, kuma kowace ƙafa da farashinta.

Lissafin ba shi da wuya. Akwai ƙananan akwatunan bango masu murabba'in ƙafa 10, na jaka biyu ko uku. Mai 25, wato ƙafa 5 tsawo 5 faɗi, ya ishi ɗalibin da ba shi da gado ko kujera. Mai 50 kan ɗauki kayan gida mai ɗakin kwana ɗaya, mai 75 zuwa 100 kuma na mai iyali ne. Abin da sababbin zuwa ke mantawa shi ne tsayi, don yawancin ɗakunan sun kai ƙafa 7 zuwa 8, kuma ba a cajin sama. Mai dabara yakan tara kayansa a kusurwar ɗakinsa, masu nauyi a ƙasa, kwalaye iri ɗaya a kai har su wuce kansa, sannan ya sa awo ya auna filin da suka ci. Da wannan adadin yake zuwa kantar kamfanin.

Amma namu sai ka ji ya ce, “Yaya, ai gara ya yi yawa da ya kasa.” Ya kama mai 50 saboda katifar gwanjo da fankar da ba ta juyawa, cikin wata uku kuɗin ajiyar ya ninka kuɗin katifar. Ba a cika ganin laifinsa ba. Wanda ya ga yadda aka fice daga Mubi a ƙarshen Oktoban 2014 da rigar jiki kawai, zubar da kaya ba ya zo masa da sauƙi. Sai dai tausayi ba ya rage kuɗin haya.

Girman ɗaki dai abu ne da ake gyarawa, kamfanoni kan yarda a koma ƙarami ko babba idan akwai. Inda ake shan wuya shi ne fita. Mai wannan rubutu ya taɓa kwashe kayansa kaf daga ɗakin wani kamfani, ya share, ya gaya wa saurayin da ke kanta cewa ya gama, saurayin ya gyaɗa kai da murmushi. Ya hau jirgi ya tafi Yola. Da ya dawo ya tarar ana ta cire kuɗi daga asusunsa kan ɗakin da babu ko tsinke a ciki. Hujjarsu biyu: babu notis a rubuce, kuma kwaɗonsa na nan rataye a ƙofa. A dokar yarjejeniyar, ɗakin da ke kulle da kwaɗon mutum yana hannun mutum, ko da iska ce a ciki. Saurayin kanta ya bar aikin, murmushinsa kuma bai shiga kwamfuta ba. Manajar ta buɗe takardar da aka sa wa hannu, ta ɗora yatsa kan sakin layin da ya yi maganar notis, cikin ladabi ƙwarai, ba ta kuma mayar da ko fam ɗaya ba.

Saboda haka mai fita ya aika imel tun da wuri, don yawanci ana neman notis na kwana 7 zuwa 14. Ya cire kwaɗonsa, ya ɗauki hoton ɗakin a buɗe, ya karɓi takardar rufe asusu kafin ya bar harabar.

Sauran tarkunan suna nan a takarda ga mai karantawa. Da yawa suna caji ne duk mako huɗu, wato sau 13 a shekara. Rangwamen makonnin farko yana ƙarewa shiru. Inshora dole ce, kuma tun Oktoban 2012 akwai harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan wannan haya. Wanda ya daina biya, za a ƙara wa ƙofarsa wani kwaɗo, kuma yarjejeniyar tare da wata doka ta 1977 sun ba kamfani damar sayar da kayan bayan an aika sanarwa. Sanarwar tana zuwa adireshin da aka rubuta ranar farko, gidan da mutum ya riga ya tashi. Fasfo da takardun makaranta ba su da wurin zama a irin wannan ɗaki.

Sai batun mutunci. Ba a ajiye abinci, an rubuta ƙarara, amma sai wani ya cusa daddawa da busasshen kifi a ƙasan akwati, wari ya cika layin, a kira shi a waya. Abin kunya ne, kuma ɗan'uwan da zai zo neman ɗaki gobe shi zai gaji kallon. Haka masu haɗa kai su biyar a ɗaki ɗaya da sunan mutum ɗaya: dabara ce mai kyau idan an karɓi kuɗin kowa tun farko, don in bashi ya taru, mai sunan kaɗai za a nema. Wanda aka cuta kuma kada ya tsaya ɗaga murya a kanta yana rantsuwa da iyayensa. Ya nemi a ba shi hanyar shigar da koke, ya rubuta da kwanan wata da lambar ɗaki, ya ajiye kwafi.