Amsoshin Tambayoyinku: In na sayi shafin intanet, matsayinsa a Google zai biyo ni?

Tambaya: Ina sayen riɗi da zoɓo a ƙauyukan Bichi da Dambatta ina kaiwa Kasuwar Dawanau. Wani ya yi mini tallan shafinsa na intanet, wanda ke fitowa a sahun gaba in an nemi riɗin Kano a Google. In na biya, zai ci gaba da zama a wurin? Daga wani mai karatu a Bichi.

Amsa: Malam, ba lallai ba ne. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, ɗaya daga cikin ma'aunansa shi ne mahaɗan da wasu shafuka suka sanya masu kai mutum shafinka. Jarida ko ƙungiyar 'yan kasuwa ta nuna ka, Google ya ɗauke shi a matsayin shaida. To waɗannan mahaɗan a shafukan wasu suke, mai sayarwa ba shi da ikon sayar maka da su. Kamar gona ce a yankinku, inda gonaki ke manne da juna: ka saya, amma hanyar shiga ta ratsa ta maƙwabci, ran da ya ga dama ya dasa kara ya toshe.

Abin da ya fi cin mutane shi ne mahaɗan haya. Wani mai shafi biya yake duk wata a sanya masa su, wani kuma daga sauran shafukansa ya jawo su. Da an gama ciniki sai ya daina biya ko ya cire, shafin ya gangara. Ko bai cire ba akwai haɗari, domin tun Afrilun 2012 da Google ya fito da tsarin Penguin yake farautar mahaɗan saye. A Maris na 2024 kuma ya sa dokar hana sayen tsohon sunan shafi don a cika shi da tarkace a ci moriyar tsohuwar darajarsa.

Wani lokacin mai saye ne ke jawo wa kansa. Ka karɓa, ka ce yaro ya sabunta maka komai, ya goge shafin da ke bayanin farashin riɗi alhali nan jaridu suka nuna. Mai dannawa sai ya tarar da kuskure mai lamba 404. In dole a sauya adireshi, a sa umarnin karkatarwa na 301 daga kowane tsohon shafi zuwa takwaransa, a bar shi aƙalla shekara guda.

Kafin ka ba da ko sisi, ka ce ya buɗe maka Google Search Console a gabanka, kada ka yarda da hoton da zai turo ta WhatsApp. Kyauta ne, yana nuna masu sanya mahaɗan da ko akwai hukuncin Google a kan shafin a halin yanzu. In ka ga shafukan caca da harsunan da ba ruwansu da hatsi, ka riƙe kuɗinka. Duba Wayback Machine ma, wato ma'ajiyar tsoffin kwafin shafuka, ka ga me shafin yake sayarwa a baya.

In kun daidaita, a rubuta a gaban shaidu cewa ba zai cire mahaɗansa ba, ka biya kashi-kashi cikin wasu watanni. Sunan shafin kuma ya koma sunanka a wurin kamfanin rajista. In mai ƙarewa da .ng ne, ka tabbata kamfanin na cikin waɗanda NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su, ka kuma rubuta ranar sabuntawa.