Fasali a kan hidima, maganin ƙuncin zuciyar tsoho

  

Ku sani, ya ku 'yan'uwa muridai na Masanawa da kewayenta, tun daga Kabo har Gwarzo, Allah Ya datar da mu, tsufa yana da wata cuta wadda ba ta gwiwa ba ce, ba ta ido ba. Ita ce ƙuncin zuciya. Mutum ya wayi gari tsararrakinsa suna maƙabarta, 'ya'yansa sun tafi neman abinci Kano ko Ikko, sai Shaiɗan ya zauna masa a zaure yana ƙirga masa wanda bai gaishe shi ba da wanda bai aiko masa ba. Na ga dattijon da ba ya barin laziminsa safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, amma in ya ajiye carbi sai mita. Harshensa ya yi zikiri, nafsu kuwa tana can tana bin mutane bashi.

Maganin da na gani ya ci, shi ne hidima. Dalili kuwa, zuciya ba ta zama babu abin dubawa. In ba ta dubi buƙatar wani ba, kanta za ta duba, mai duban kansa kuwa rashi kaɗai yake gani. Likitocin zamani ma sun tabbatar kaɗaici yana cutar da tsoho. Mutanen Allah sun riga su.

Ku dubi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, Allah Ya yarda da ita. Kada wani ya ce ai Baƙadira ce. Ruwa ɗaya ne, guga ne daban. Da ta kafa 'Yan Taru, manyan mata ta zaɓa ta naɗa su jaji, ta ba su malfa da jan rawani. Su ke jagorar matan ƙauye zuwa gare ta, su koma su karantar, su duba marasa lafiya, su yi wa mata wankan gawa. Shekarun da wasu ke zaman jiran likkafani, su a cikinsu aka fi neman su.

Kada tsoho ya ce ba ni da ƙarfi, ba ni da kuɗi. Ya saurari hadda daga almajiri. Ya shimfiɗa farin ƙyalle kafin wazifa. Ya sasanta maƙwabta biyu a kan iyakar gona kafin shuka. Tsohuwa ta zauna wurin mai jego.

Amma da sharaɗi biyu. Na farko, ban da jiran godiya, ban da gori. Wanda ya yi hidima don a yaba masa, ƙuncinsa ninkuwa zai yi ranar da aka manta. Na biyu gare ku yake, samari: jibga wa tsohuwa jikoki shida babu hatsi babu cefane, wannan zalunci ne, kada ku sa masa sunan hidima.

Ku kuma muƙaddamai, wanda kuka rasa a zikirin Juma'a sau biyu, ku je gidansa. In lafiyarsa ƙalau, ku ba shi wani aiki na zawiya gwargwadon ƙarfinsa, ku ce masa ana jiransa.