Darasin Wannan Wata: In Sakamakon Yaro Ya Fara Ja Da Baya

A ƙarshen kowane zango yara sukan dawo gida da takardar sakamakon jarrabawa. Sai uba ya karɓa ya ga ɗansa da ke zuwa na biyar a firamare, yau ya koma na arba'in a ƙaramar sakandare. Nan take hannu ya kai ga bulala. To, a ajiye ta tukuna. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 in aka dake shi a kan sakamako, wani zangon sai ya ɓoye takardar. A fara neman dalili.

Dalili na farko ba laifin yaran ba ne. A watan Maris na 2020 an rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona, aka yi watanni a gida. A watan Satumba na 2021 kuma, bayan sace ɗalibai a yankin Maradun, aka sake rufe makarantun jihar Zamfara. Da yawa daga cikin 'yan sakandare na yau suna firamare a lokacin, a azuzuwan da ake kafa tushen karatu da lissafi. An wuce da su aji na gaba, amma giɓin yana nan. Wanda bai iya sau ba, yaya zai yi rabawa? Ga shi littattafan sakandare da Turanci suke. Yaro zai zauna gaban littafi sa'a guda, a ce ba ya so, alhali tambayar ce bai gane ba, kunya kuma ta hana shi faɗi.

Dalili na biyu namu ne, mu iyaye. Kasuwar Shinkafi ran Alhamis take ci, kuma ranar makaranta ce. Haka in ranar Kasuwar Daji ta zo, sai ka ga yara masu dako da masu talla fal. Mu yi lissafi. Kwana biyar ake karatu a mako. Wanda ke fashin ranar kasuwa ya rasa kashi ɗaya cikin biyar, wato wajen kwana 13 a zango guda. Ba mu ce yaro kada ya taimaki gida ba, mun san halin da ake ciki. Amma a bar masa safiya, ya tafi kasuwa bayan an tashi. 'Ya mace ta fi shan wahala: ɗebo ruwa, daka, raino, talla. In maki ya faɗi sai a ce ba ta da ƙwaƙwalwar boko, a cire ta.

Ku sani aikin gida da malami ke bayarwa yana da maki, ana tara shi a haɗa da na jarrabawa. Saboda haka a ware lokaci guda kullum, ko da rabin sa'a ne bayan sallar isha'i, da tabarma da fitila mai haske. A kashe rediyo, a karɓi waya, kada a aike shi.

Wani zai ce, “Ni da bana na fara haɗa baƙi, me zan koya wa ɗan sakandare?” Buɗe littafinsa ka duba kwanan wata, ka ga ko jan biron malami ya bi ta kai. Ka ce, “Karanta mini, ka faɗa mini da Hausa.” Inda ya tsaya, nan ciwon yake. Sai a nemi yayansa ko ɗan maƙwabta da ke gaba da shi ya koma da shi baya, ko da littafin firamare ne.

Sannan a taka a ga malamin aji tun zango bai ƙare ba. A gaisa, a ce, “Malam, a wane darasi yaron nan ya fi rauni, kuma kwana nawa ya yi fashi?” A kuma tambaya ko yana ganin allo sosai, don wani ciwon ido ne ke damunsa ba a sani ba.

Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tana nan kusa da mu a Ƙaura Namoda, amma sai da kiredit ake shiga.

Aikin aji: kowane ɗalibi, daga Zurmi har Shinkafi, ya zo da takardar sakamakon ɗansa ko 'yarsa mako mai zuwa, malamin ajinku zai nuna muku yadda ake karanta ta layi-layi.