Hoton mutum da karensa

1. Kare ma'aikaci ne

Yara, a ƙasarmu ba a kiwon kare don ado. Kare ma'aikaci ne. A cikin gari yana gadin gida. A daji yana bin makiyayi, yana tsare bisashe daga dila da kura. Da rani yana raka mahalba wurin farauta. A arewacin Tawa, cikin kwarin Azawak, Abzinawa suna da wani irin kare siriri mai dogayen ƙafafu. Tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai santimita 60 zuwa 74. Yana kamo zomo, har da barewa. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai. Can ana kiran shi da sunan kwarin, wato Azawak.

Idan mutum ya daɗe yana aiki da kare, sabo yana shiga tsakaninsu. Kare ya san muryar maigidansa, ya san fitonsa, ya san tafiyarsa tun daga nesa. Shi ma maigidan ya san haushin da karensa ke yi wa baƙo, ya san wanda yake yi wa kura. Wannan sabo ba a taɓa shi da hannu, amma ana ganin shi da ido. Shi ne muke so mu koyi kamawa a hoto.

2. Hoto iri biyu ne

Akwai hoton tsayuwa. Mutum ya sa rigar salla, ya tsaya cik, ya dubi kamara. Irin wannan ake yi wa takardar shaida da ranar buki. Akwai kuma hoton cikin aiki. A nan mutum yana sha'aninsa, bai shirya ba, bai gyara hula ba.

A da, hoton cikin aiki ba ya yiwuwa. Wajen shekarar 1826 wani Bafaranshe mai suna Niyeps ya ɗauki hoton rufin gidaje daga tagar ɗakinsa. Sai da haske ya yi awoyi da yawa yana shiga akwatinsa kafin hoton ya kama. Bayan haka ma, mutanen farko da aka ɗauka sai sun zauna shiru, ba motsi. Yau kamarar wayar salula tana buɗe idonta ta rufe kafin ƙiftawar ido. Saboda haka ana iya ɗaukar kare yana cikin gudu.

Hoton tsayuwa bai dace da kare ba. Kare bai san abin da ake nufi da hoto ba. In aka riƙe shi da ƙarfi, aka juya mashi kai, sai ya kwantar da kunnuwa, ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu. Maigidan kuma ya ɗaure fuska don kunya. Hoto ya fito, ga mutum, ga kare, amma sabo bai fito ba. Mai son sabo ya fito, sai ya bar su cikin aikinsu, ya jira.

3. Sallama da izini

Hoton cikin aiki ba hoton sata ba ne. Kafin ku fiddo waya, ku yi sallama, ku gaida mai karen. Ku ce: «Baba, malam ya ba mu aikin makaranta. Ko ka yarda mu ɗauki hotonka da karenka?» In ya ce a'a, ku yi godiya ku wuce. In ya yarda, ku ce mashi ya ci gaba da aikinsa kamar ba ku nan. Matar aure da ƙaramin yaro ba a ɗaukar su sai da yardar mutanen gidan.

Daga nan ku koma gefe ku zauna. Da farko kare zai dube ku, ya yi haushi, ko ya zo ya shinshina ku. Kada ku gudu. Kada ku miƙa mashi hannu. Kada ku kafa mashi ido, don ga kare kafa ido alamar neman faɗa ce. Bayan ɗan lokaci zai manta da ku, maigidan ma zai manta. A lokacin ne aikinku ya fara. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

4. Haske

Haske shi ke yin hoto. Da tsakar rana, rana tana bisa kai. Inuwa tana faɗa wa idanu, sai su fito kamar ramu biyu. Kare kuma ya gaji, ya kwanta yana haki. Lokacin da ya fi kyau shi ne da safe kafin hantsi, ko bayan la'asar. A lokacin haske yana zuwa daga gefe, yana da taushi.

Ku sa rana ta kasance bayanku ko a gefenku. In tana gabanku, mutum da kare za su fito baƙi ƙirin. In dole ne ku ɗauka da tsakar rana, ku bari su shiga inuwar itace, su duka biyu.

Ga wata dabara. Karnukanmu da yawa jajaye ne ko masu ruwan ƙasa, yashi kuma yana da haske ƙwarai. Kamara tana auna wannan haske, sai ta duhunta fuskar mutum. Ku taɓa fuskar da yatsa a gilashin waya kafin ku ɗauka. Kamara za ta gyara haskenta daidai da fuskar.

Ku kashe walƙiyar kamara. A bayan idon kare akwai wani shafi mai maido haske kamar madubi. Shi ya sa idonsa ke ƙyalli da dare in an haska shi da cocila. Walƙiya tana sa idon ya fito kore ko fari a hoto, tana kuma firgita shi.

Da hunturu ƙura tana rufe idon kamara. Ku share shi da tsumma mai taushi da tsabta.

5. Ku tsuguna

Babba in ya ɗauki hoto a tsaye, bayan kare kawai yake kamawa da ƙasa. Ku yara kun fi shi sa'a, don kun fi kusa da ƙasa. Ku tsuguna ko ku durƙusa har idon kamara ya yi daidai da idon kare. Ta haka mai kallon hoto zai ga duniya yadda kare ke ganin ta.

An yi wani gwanin hoto mai suna Eliyot Erwit. An haife shi a Faransa a 1928, ya zauna Amurka, ya rasu a 2023. Ya yi suna wajen hoton karnuka. A 1974, a birnin Niyok, ya saukar da kamararsa kusa da ƙasa. A hoton ana ganin ƙafafun wani ƙaton kare, da takalman wata mace, da wani ɗan mitsitsin kare sanye da hula. Fuskar macen ba ta fito ba, amma kowa ya gane hoton. Darasin shi ne, ba dole ne komai ya fito ba. Hannun mahalbi bisa kan karensa ya isa hoto.

Ku dubi abin da ke bayansu. Kada itace ya fito kamar ya tsiro daga kan mutum. Katangar ƙasa, danga, ko fili sun fi tarin kaya kyau. In kuna son abu ya fito babba, ku matsa da ƙafa in mai kare ya yarda. Jawo hoto da yatsu a gilashin waya yakan sa ya dushe.

Kada ku sa su tsakiya kullum. Ku raba gilashin gida uku a zuci. Ku aje su a gefe ɗaya, ku bar fili wajen da suke kallo ko wajen da suka nufa.

6. Lokacin dannawa

Sabo yana fitowa a ƙananan abubuwa. Makiyayi ya jawo guga a rijiya, ya zuba wa kare ruwa a kasko. Mahalbi ya zauna yana cire wa kare ƙaya daga ƙafa. Tsoho yana saƙar tabarma, kare ya aza haɓa kusa da ƙafarsa. Maigida ya dawo daga gona, kare ya tarye shi yana kaɗa wutsiya. Abin da ya fi duka shi ne lokacin da kare ya ɗaga kai ya dubi maigidansa. Wannan kallo ba ya daɗewa. Ku riƙe waya da hannu biyu, ku manne gwiwar hannu a jiki, yatsa yana kusa da maɓalli.

In kare yana gudu, ana bukatar haske mai yawa, don kamara ta buɗe ta rufe da sauri, kamar kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa. In haske ya yi kaɗan, hoton zai fito dishi-dishi. Ku ɗauki hotuna da yawa a jere, daga baya ku zaɓi guda. In kun gama, ku nuna wa mai karen. Hotonsa ne.

7. Rigakafi ya fi magani

Ba hoton da ya kai lafiyarku daraja. Kada ku kusanci kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya mai ƴaƴa. In kare ya sandare, ya yi gurnani, ya yage baki, ku ja da baya sannu-sannu. In yana yawan hamma da lasar baki, ya gaji da ku. Karen da ba a san mai shi ba, ku bar shi.

In kare ya ciji mutum ko ya yage shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. A tafi gidan likita a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Ciwon haukan kare yana kisa in ya riga ya bayyana, amma allura tana hana shi in an yi ta da wuri. A Faransa, a 1885, Lui Pastor ya fara yi wa mutum wannan allura.

Kalmomi

Sabo: shaƙuwar da ke shiga tsakanin waɗanda suka daɗe tare.
Idon kamara: ɗan gilashin da haske ke shiga ta cikinsa.
Maɓalli: wurin da ake dannawa a ɗauki hoto.
Dishi-dishi: abin da bai fito sarai ba.

Tambayoyi

1. Faɗi ayyuka uku da kare ke yi a ƙasarmu.
2. Mene ne bambancin hoton tsayuwa da hoton cikin aiki?
3. Don me ba a son ɗaukar hoto da tsakar rana?
4. Me ke sa idon kare ƙyalli da dare?
5. Me za a yi wa wanda kare ya ciza?

Aiki

Ku kasu biyar-biyar. Kowane rukuni ya nemi wani mai kare a unguwa, tare da babba. Ku nemi izini, ku zauna ku lura. In akwai waya, ku ɗauki hoto ɗaya a tsaye, ɗaya a tsugune, ku gwada su. In babu waya, ku yanke taga a kwali, ku leƙa ta ciki, ku zana abin da kuka gani. Kowa ya rubuta jimla biyar a kan yadda ya gane akwai sabo tsakanin mutumin da karensa.