Nazarin Tattalin Arziki: Yadda Garin Winton Ya Mai Da Tarihinsa Hajar Sayarwa

Duk ƙaramin garin da ke nesa da manyan birane yana rayuwa ne a kan abin da yake sayar wa mutanen waje. Kuɗin da suka shigo ta wannan hanya su ne ke zagayawa tsakanin mai kanti da makanike da mai gidan abinci. Idan kasuwar wannan haja ta faɗi, matasa sukan yi ƙaura, kantuna su rufe, makaranta ta rasa ɗalibai. Garin Winton na ƙasar Ostareliya ya fuskanci irin wannan barazana, kuma hanyar da ya bi ya tsira ta cancanci nazari.

Garin da matsalarsa

Winton yana yammacin Jihar Kwinsland, a tsakiyar busasshen yankin ƙasar, fiye da kilomita 1,300 daga Birisben, babban birnin jihar. Ƙasar al'ummar Koa ce tun kafin zuwan Turawa makiyaya, waɗanda suka kafa garin a shekarun 1870. Ƙaramar hukumar Winton ta fi Jihar Kaduna faɗin ƙasa, amma a ƙidayar 2021 mutanenta sun ɗan haura 1,100 ne kawai.

Fiye da shekara ɗari gashin tumaki ne ya riƙe garin. A cikin watan Fabrairu na 1991 aka dakatar da tsarin da ke tallafa wa farashin gashin a Ostareliya, bayan da dila kusan miliyan 4.7 suka taru a rumbuna babu mai saye. Farashi ya faɗi warwas. Tumakin ƙasar, waɗanda suka kai kimanin miliyan 170 a 1990, sun ragu da fiye da rabi cikin shekara 20. Makiyaya da yawa suka koma kiwon shanu, wanda ba ya bukatar ma'aikata da yawa kamar askin tumaki. Ayyukan yi suka ragu, kuɗin da ke yawo a gari suka ragu tare da su.

Jarin da garin ya gada

Abubuwa uku Winton ke da su waɗanda babu wani gari da zai iya ƙwace masa.

Na farko waƙa ce. A 1895 marubuci Banjo Paterson ya tsara waƙar Waltzing Matilda a gonar kiwo ta Dagworth da ke yankin, kuma mutanen Ostareliya suna ɗaukar ta tamkar taken ƙasa na biyu. A 1998 garin ya buɗe cibiya ta musamman domin tarihin waƙar da na zamanin da ya haife ta, wato zamanin yajin aikin masu askin tumaki na 1891 da 1894.

Na biyu kamfanin jiragen sama ne. A Winton aka kafa Qantas a watan Nuwamba na 1920, a nan kuma hukumar gudanarwarsa ta yi zamanta na farko a 1921, kafin ya mai da ayyukansa garin Longreach.

Na uku, wanda ya fi sauran jawo jama'a a yanzu, shi ne ƙasusuwan manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangaru da suka shuɗe tun da daɗewa, waɗanda ake kira dainoso. A wani wuri mai suna Lark Quarry, kimanin kilomita 110 kudu maso yammacin garin, akwai sawunsu fiye da 3,000 a kan dutse, waɗanda masana suka ƙiyasta shekarunsu da miliyan 95. A 1999 wani makiyayi, David Elliott, ya yi kiciɓis da wani ƙaton ƙashi a gonarsa yana cikin kora tumaki. Maimakon a kwashe komai a kai birni, shi da mutanen yankin suka kafa gidan tarihi na Australian Age of Dinosaurs a 2002, wanda daga baya aka gina masa mazauni a kan wani tsauni kilomita 24 daga garin. A 2009 aka raɗa wa sababbin nau'o'in dabbobin da aka tono sunayen kimiyya, har ɗaya daga ciki ya ɗauki sunan Winton.

Yadda tarihi ke zama kuɗi

Masana tattalin arziki suna lissafa yawon buɗe ido a cikin kayan da ake fitarwa waje, ko da yake hajar ba ta motsawa daga inda take, mai saye ne ke tasowa ya same ta. Kuɗin shiga gidan tarihi kaɗan ne daga cikin abin da baƙo ke kashewa. Mafi yawan kuɗinsa suna tafiya ne ga masauki da abinci da man mota. Saboda haka ma'aunin da ya fi muhimmanci shi ne yawan kwanakin da baƙo ya yi a gari. Wanda ya tsaya na sa'a ɗaya ya sha mai ya wuce bai bar wa gari wani abin a zo a gani ba.

A nan ne tsarin Winton ya yi amfani. Zuwa Lark Quarry da dawowa yana cin mafi yawan yini. Gidan tarihin da ke kan tsauni yana cin rabin yini, cibiyar waƙa kuma ta cinye ragowar. Baƙon da ke son ganin duka sai ya kwana biyu ko uku. Bugu da ƙari, a 2019 aka amince da tsaunin a matsayin wurin kallon taurari na duniya saboda duhun samaniyarsa, abin da ya ba baƙo dalilin zama har dare. Garin ya kuma haɗa gwiwa da Hughenden da Richmond, inda su ma ake da irin waɗannan ƙasusuwa, aka tsara hanya guda da matafiyi zai bi ya ziyarci garuruwan uku. Akwai kuma bikin gari da ake yi duk bayan shekara biyu tun 1972, da bikin fina-finai da aka fara a 2014.

Ajiye aikin goge ƙasusuwan a yankin shi ma hukunci ne na tattalin arziki. Ɗakin binciken yana ba ma'aikata aiki, kuma akwai baƙin da ke biyan kuɗi domin a koya musu aikin su taya, su yi kwanaki a garin. Ashe abin da aka sarrafa a gida ya fi ɗanyensa amfani, ko da ƙashi ne.

Inda haɗarin yake

Wannan kasuwa tana da nata rauni. Da farko, ta lokaci ce. Baƙi suna zuwa ne daga Afrilu zuwa Satumba, lokacin sanyin ƙasar, kuma da yawansu 'yan fansho ne masu jan ɗakunan kwanansu da mota. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi kan kusanci digiri 40, hanya ta yi tsit. Dole mai masauki ya tara cinikin shekara cikin wata shida.

Na biyu, kuɗin suna yoyo. Man mota da mafi yawan kayan abinci daga nesa ake kawo su, don haka kaso mai yawa na abin da baƙo ya kashe yana komawa inda kayan suka fito.

Na uku, jarin yana iya salwanta dare ɗaya. A watan Yuni na 2015 gobara ta cinye cibiyar Waltzing Matilda, a daidai lokacin da fari ya addabi makiyayan yankin. Sai a Afrilun 2018 aka buɗe sabon gini, wanda ya ci kimanin dalar Ostareliya miliyan 23, kuɗin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukumar ita kaɗai, sai da gwamnatin tarayya da ta jiha suka sa hannu. A Fabrairun 2019 kuma ambaliya ta hallaka dabbobi kusan rabin miliyan a arewa maso yammacin jihar, har da yankin Winton. A 2020 annobar korona ta rufe hanyoyi na ɗan lokaci.

Abin lura

Har yanzu kiwo ne ginshiƙin ƙasar Winton, kuma yawon buɗe ido bai dawo da yawan jama'ar zamanin tumaki ba. Abin da ya yi shi ne samar wa garin kuɗin shiga na biyu waɗanda ba su dogara da ruwan sama ko farashin nama ba, ta yadda kanti da otal za su iya buɗewa a shekarar fari. Sharuɗɗan samun hakan a fili suke: a riƙe kayan tarihin a inda aka same su, a tsara su yadda baƙo zai kwana, a gyara hanyar zuwa, sa'an nan a tanadi inshora da tallafin gwamnati domin ranar da wuta ko ruwa za su zo.